Babi na Shida: Wane Soket Ne Ya Dace da Sensar Oksijin?

"Kan sensar nan lamba 22 ne, kuma akwai soket mai lamba 22 a akwatina. To don me za a ce sai na sayi wani na daban?"

Duk wanda ya taɓa buɗe gaban mota da niyyar canza sensar oksijin ya yi wannan tambaya, ko a fili ko a zuci. Kuma tambayar tana kan hanya, domin lambar daidai ce. Sai ya kai soket ɗin kan sensar ne zai ga inda gizo ke saƙar: waya ce ta fito daga tsakiyarta, soket kuwa ba shi da ƙofar da wayar za ta bi. Daga nan wasu ke jawo sufana mai buɗaɗɗen baki. Ta zame, a sake gwadawa, ta sake zamewa, har kusurwoyin kan sensar su cinye. Aikin da bai kai na rabin sa'a ba sai ya kai ga sauke salansa a tafi da ita wurin mai walda.

Lambar kusan kullum ɗaya ce. Siffar soket ce ke bambanta, kuma babu siffa guda da ta dace da kowane hali. Wanda ya san dalilin kowace siffa zai iya duban sensa sau ɗaya ya san abin da zai ɗauko daga akwati.

Abin da ake son kwancewa

Sensar oksijin 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a jikin bututun hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Volvo kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1976. Aikinta shi ne auna yawan oksijin da ya rage a cikin hayaƙi, ta sanar da kwamfutar mota. Ita kuma kwamfutar sai ta ƙara fetur ko ta rage, domin haɗin ya tsaya kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Tun 1996 duk sabuwar motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da tsarin binciken kai na OBD-II, shi ya sa ake samun sensa kafin tukunyar tace hayaƙi, da wata kuma bayanta. Mota mai silinda 4 yawanci sensa 2 gare ta. Mai injin V6 kuwa takan zo da 3 ko 4.

Abubuwa uku a jikin sensar ne suka shafi mai zaɓen soket. Na farko zarenta, wato layukan da ake murɗa ta a kansu ta shiga salansa. Faɗinsa milimita 18 ne, tazarar layi da layi milimita 1.5, abin da ake rubutawa M18 x 1.5. Na biyu kanta mai kusurwa shida, inda soket ke kamawa. Na uku dogon jikinta da wayoyin da suka fito daga ƙarshensa, daga waya 1 a tsofaffin motoci zuwa 4 ko 5 a na zamani.

A cikin jikin akwai wani tangaran na musamman wanda ba ya fara aiki sai zafinsa ya kai wajen digiri 300. Tangaran ne, saboda haka duka mai ƙarfi na iya fasa shi. Zaren kuma kullum yana tsakanin zafi da sanyi: a tada mota ya yi zafi ya buɗe, a kashe ta ya huce ya tsuke, shekara da shekaru, ga danshi ga tsatsa. A haka ƙarfen sensa da na salansa ke manne wa juna. Toyota da Honda a yawancin motocinsu suna cewa a ɗaure sensa da ƙarfin niyuton-mita 44, wato kamar a rataya kilo 18 a ƙarshen hannu mai tsawon santimita 25. Ba wani ƙarfi ba ne. Amma bayan shekara goma, kwance ta na iya buƙatar ninkin wannan sau da yawa, kuma duk ƙarfin a kan ƙananan kusurwoyi shida zai sauka.

Lamba 22 ko 7/8?

A jikin yawancin soket ɗin sensa za ka ga an rubuta lambobi biyu tare: 22 da 7/8. Ta farko ma'aunin milimita ce, ta biyu ta inci ce irin ta Amurka. Idan aka lissafa, 7/8 na inci milimita 22.225 ne, wato ya ɗara 22 da kusan rubu'in milimita. A kan sensa mai lafiyayyen kai wannan bambanci ba ya hana komai. A kan wadda tsatsa ta ci gefenta har ta rage kauri, rubu'in milimita shi ne bambancin kamawa da zamewa. Saboda haka kada ka dogara da rubutu kaɗai. Ɗora soket ɗin a kan sensar ka jijjiga shi da hannu. Wanda ya fi matsewa shi ne naka.

Soket ɗin fulogi ba ya shiga wannan aiki, domin na manyan fulogogi lamba 21 ne, na ƙanana 16 ko 14. Akwai kuma sensar da ba a murɗa ta sam. A wasu motocin Toyota na shekarun 1990 tana zaune ne a kan faifan ƙarfe da ƙananan noti biyu suka riƙe, kuma ƙaramin soket na yau da kullum ya ishe su. Babura ma sukan zo da ƙaramar sensa mai siririn zare. In ban da irin waɗannan, lamba 22 ce.

Dogon soket mai tsaga

Wannan shi ne wanda aka fi sani. Dogo ne, an tsaga gefensa daga baki zuwa kusa da sama domin waya ta fito ta nan. Ana sa masa hannu ta sama, a rami mai 3/8 ko 1/2 na inci. Yana da daɗin aiki a inda sensa ta miƙe fili babu abin da ya tsare samanta, kamar ta gaban injin a motoci masu silinda 4. Da shi ake kwance sensa a mayar da ita ba tare da an taɓa wayarta ba.

Sai dai tsagar da ta ba shi amfani ita ce rauninsa. Dubi bambancin zobe da awarwaro mai buɗaɗɗen baki. Zobe rufaffe ne, ko ka ja shi da ƙarfi ba ya buɗewa. Awarwaron kuwa da ka ja gefensa biyu sai bakinsa ya ƙara faɗi. Soket na yau da kullum zobe ne, mai tsaga awarwaro ne. Idan aka danna masa ƙarfi, kusurwoyin sensar na tura bangonsa waje, tsagar ta buɗe, soket mai lamba 22 ya koma kamar 23, ya haye kan kusurwoyin ya goge su. Abin takaicin shi ne mai aiki yakan ji hannu ya juya ya ɗauka sensar ce ta motsa, alhali soket ne ya tsallake.

Ana iya rage wannan matsala. A samu kilif ɗin tiyon lagireto, irin mai noti, a ɗaura shi a ƙasan soket bayan an zura waya, a matse shi sosai. Yana hana bakin buɗewa gwargwado. Amma yana da iyaka, bai mai da shi rufaffen soket ba.

Gajere mai rami a gefe

Iri na biyu gajere ne, kaurinsa bai wuce kan sensar da yawa ba. Samansa a buɗe yake, jikin sensa da wayarta su wuce ta tsakiya, ramin sa hannu kuma yana can gefe a kan wani ɗan kunne. An yi shi ne domin wuri mai ƙunci. Misalin da makanikai suka sani shi ne injin V6 da aka kwantar a gicciye, irin na Toyota Sienna da Camry, inda jerin silinda na baya ke manne da bangon da ya raba injin da ɗakin direba. A can babu filin da dogon soket da hannunsa za su tsaya a bisa sensa. Haka ma ta bayan tukunyar tace hayaƙi, wadda sau da yawa kanta ke fuskantar ƙasan jikin mota.

Shi ma yana da tsaga, amma da yake gajere ne kuma mai kaurin bango, yakan fi dogon jure ƙarfi. Nasa raunin daban ne. Tunda ƙarfin daga gefe yake zuwa, soket ɗin na son karkacewa ya ɗago daga kan sensar. Maganinsa shi ne ka danne shi da hannu ɗaya yayin da kake ja da ɗayan, kuma ka taƙaita sandar ƙari. Duk tsawon da aka ƙara, karkacewa ake ƙarawa.

Rufaffen soket, ga sensar da ta mutu

Idan an tabbata sensar ta mutu kuma sabuwa na hannu, babu dalilin lallashin wayarta. A yanke wayar dab da jikin sensa, a zura dogon soket na yau da kullum mai lamba 22 da kusurwa shida, a sa dogon hannu mai 1/2 na inci. Babu wani soket mai tsaga, komai tsadarsa, da zai kama kamar wannan. Idan zurfinsa bai kai ya haɗiye jikin sensar ba, ana iya karya jikin ko a yanke shi sama da kan, tunda dai shara za ta tafi.

Amma kafin almakashi ya taɓa waya, a tsaya a tabbatar. Yankewa ba ta da komowa, kuma ba duk lambar matsala mai alaƙa da hayaƙi da kwamfutar mota ta nuna ce ke nufin sensa ta lalace ba. Lambar P0135 tana nuni ga layin da ke ɗumama sensar farko, wanda zai iya zama fis ne ya ƙone ko waya ta tsinke a hanya. Lambar P0171 tana cewa iska ta yi yawa a haɗin, kuma sau da yawa tiyo ne ya tsage. Lambar P0420 kuwa ƙorafi ne a kan tukunyar tace hayaƙi. A garuruwanmu, inda ake yawan fasa tukunyar a kwashe abin cikinta da makanikai ke kira indomi, sensar baya gaskiya take faɗa, ba ita ce mai laifi ba. Wanda ya yanke wayar lafiyayyar sensa ya yi asarar kuɗi, fitilar gargaɗi kuma ba za ta mutu ba.

Sufana fa?

Sufana mai zobe lamba 22 abin dogaro ce idan mahaɗin wayar zai iya wucewa ta cikin zoben. A cire mahaɗin, a zura shi tare da wayar, a gangaro da zoben har kan sensar. Rufaffe ne, ba ya buɗewa, wayar kuma ta tsira. A wasu motoci mahaɗin ya fi zoben girma, nan wannan dabara ba ta yiwuwa.

Sufana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa cikin shida, kuma bakinta na buɗewa. Ta isa ƙarasa kwance sensar da ta riga ta saki, ba ta isa tayar da wadda ta kafe ba. Sufana mai daidaita baki ta fi ta muni, domin muƙamuƙinta na motsi. Guduma da kurfi kuwa ba a fara aiki da su. Injin kwance noti mai bugawa, na iska ko na batir, shi ma a nisanta shi da soket mai tsaga, domin yana iya fasa shi, kuma bugunsa na fasa tangaran ɗin sensar da ake son mayarwa.

Kusurwa shida, ba goma sha biyu ba

Leƙa cikin soket kafin ka ɗauka. Mai kusurwa 12 yana da saurin shiga, domin kowane ɗan juyi yana samun mazauni, amma a bakin kusurwoyi yake kamawa, inda ƙarfe ya fi siranta. Mai kusurwa 6 yana kwanciya ne a kan faffaɗan gefen kan, ya raba ƙarfin ko'ina. Ga sabon noti duka biyun suna aiki. Ga sensar da ta shekara goma a cikin wuta da ruwa, mai shida ne kaɗai abin yarda.

Tambayoyi uku kafin a buɗe akwati

Duk bayanin da ya gabata ya taru a tambayoyi uku.

Shin sensar za ta koma mota? Idan za ta koma, kamar lokacin da ake canza salansa ko ake son gwada ta, dole waya ta tsira: sai sufana mai zobe ko soket mai tsaga. Idan ba za ta koma ba, a yanke waya a sa rufaffe.

Nawa ne filin da ke samanta? Idan akwai wurin da dogon soket da hannunsa za su tsaya a miƙe, dogon ya yi. Idan babu, sai gajere mai rami a gefe.

Yaya tsatsa ta yi mata? Idan kan yana da tsabta da kaifin kusurwa, kowane nagartaccen soket zai kwance ta. Idan ya yi ja yana ɓarɓashi, a nemi mafi ƙarfin abin da amsoshin biyun farko suka yarda da shi, kuma a taimaka masa.

Motar da ta sha gishiri

Tambaya ta uku ta fi shafar mu fiye da yadda ake zato. Yawancin motocin da ke titunan Kano da Kaduna da Maraɗi na hannu ne, sun shigo ta Legas ko Kwatano bayan sun yi shekaru a Amurka, Kanada ko Turai. A jihohi irin su Mishigan, Ohayo da Niyu Yok, da lardin Ontariyo na Kanada, ana zuba gishiri a titi lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana fantsama a ƙasan mota, yana cin salansa da duk abin da ke jikinta. Motar da ta fito daga can za ta iya yin ƙyalli a sama, ƙasanta kuwa ya ci tsatsa. Busasshiyar iskar arewa tana rage saurin tsatsa, amma ba ta warware wadda ta riga ta kama.

Irin wannan sensa sai da shiri. A goge kan da burushin ƙarfe domin soket ya zauna har ƙasa. A fesa man sassauta tsatsa a gindin zaren a bar shi ya jiƙa, in da hali ya kwana. A tada injin na 'yan mintoci salansa ta yi ɗumi, ba zafin da zai ƙone hannu ba, domin ƙarfen mazaunin sensar a jikin salansa ya ɗan buɗe. A cire mahaɗin waya tun kafin a fara juyawa, in ba haka ba wayar za ta murɗe ta tsinke daga ciki. Sannan a ja zuwa hagu da ƙarfi mai ɗorewa, ba fizga ba. Idan ta motsa ta sake cijewa, kada a tilasta mata. A mayar dama kaɗan, a ƙara mai, a dawo hagu, a riƙa kai da komo har ta fito. Wanda ya murɗe ta da ƙarfin tsiya yakan fito da ita tare da zaren salansar.

Idan duk wannan bai yi ba, sai wutar gas ta mai walda. A kan mazaunin ake sa wutar, ba a kan sensar ba, bayan an goge man da aka fesa kuma an tabbata babu tiyon fetur ko waya a kusa. Mai shiga ƙarƙashin mota kuma kada ya amince da jak shi kaɗai. A sa madogarin ƙarfe ko a hau rami. Mutum na jan dogon hannu da dukkan ƙarfinsa, mota na iya gocewa daga kan jak, kuma babu sensar da ta kai rai.

A kasuwa

Mai zuwa Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tafi da tsohuwar sensa a aljihu. A gwada soket a kanta a gaban mai shago. A duba cikinsa kusurwa shida ne. A duba kaurin bangonsa, musamman gefen tsagar, kuma tsagar kada ta fi abin da waya ke buƙata faɗi. Wanda aka rubuta wa Cr-Mo yawanci ya fi mai Cr-V jure wahala, ko da yake rubutu a jikin ƙarfe ba shaida ba ce, nauyi da kyan ƙira su ma a duba su. Wasu dogayen suna da kusurwoyi a waje ta sama, yadda za a iya kama su da sufana idan hannu ba zai shiga ba, kuma wannan ƙari ne mai amfani.

Makanikai da yawa sukan tsaga tsohon dogon soket da injin yankan ƙarfe su yi nasu. Dabara ce mai kyau wajen ɗaurawa da kwance sensa mai sauƙi. Amma bangonsa ba a yi shi domin tsaga ba, don haka ya fi na kamfani saurin buɗewa. Ga mai gareji, abin da ya kamata akwati ya ƙunsa huɗu ne: dogo mai tsaga, gajere mai rami a gefe, rufaffe mai kusurwa shida, da abin gyaran zare mai lamba M18 x 1.5. Kuɗinsu duka bai kai asarar wuni guda ana fama da sensar da kanta ya cinye ba.

Idan kan ya riga ya cinye

A daina gwada abin da ya zame, domin kowane zamewa ƙara gogewa yake yi. A yanke waya, a buga rufaffen soket mai lamba 21 da guduma ya shiga da ƙyar, ko a nemi soket mai karkatattun haƙora da aka yi domin cinyayyen noti. Sufanar masu aikin famfo, wadda ke ƙara cizo idan aka ja ta, ita ma tana aiki in da fili. Mataki na ƙarshe shi ne a walda babban noti a kan ragowar sensar, zafin waldar ma yakan taimaka ta saki. Bayan ta fito, a bi ramin da abin gyaran zare. Idan zaren ya tafi gaba ɗaya, mai walda zai yanke mazaunin ya sa sabo.

Yanzu tsohuwar sensa ta fito, rami yana jiran sabuwa. Sai dai kasuwa cike take da masu ɗauke da sunan Denso, Bosch da NTK waɗanda ba daga can suka fito ba, kuma sensar gaba a motoci da yawa ba irin ta baya ba ce ko da sun yi kama a ido. Babi na gaba zai nuna yadda ake gane ta gaskiya, yadda ake shafa wa zarenta mai ba tare da an gurɓata bakinta ba, da yadda ake ɗaure ta daidai ƙarfin da zai sa ta kwantu cikin sauƙi ranar da aka sake buƙata.